Wata 14 ina cajin mota da sola a Birnin Kebbi

Tambayar da aka fi yi mini tun da na ɗora farantan sola a kan kwanon gidana ita ce: "Alhaji, to in damina ta yi nisa gari ya yi lumshi, da me za ka tuƙa motar?" Ni ma da wannan fargabar na shiga harkar. Yanzu na ga hunturu, na ga bazara, na ga marka da kayan nan a kaina, shi ya sa nake so in faɗi abin da idona ya gani.

Abin da ya tura ni ba ɓoyayye ba ne. Daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka ce an cire tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Ina da shagon kayan noma, zirga-zirgata kullum cikin gari ce, sai leƙawa Kalgo ko Jega wajen abokan ciniki. Kuɗin mai ya fara cin ribar shago. Sai na sayar da tsohuwar motata na cika kuɗi na sayi ƙaramar mota mai lantarki ƙirar Sin, wadda batirinta ke ɗaukar kusan yunit 30. Yunit ɗin nan shi ne dai wanda muka sani a mitar wuta.

Kayan da na haɗa: faranti 10 masu wat 550 kowanne, inbata (na'urar da ke juya wutar faranti da batir ta zama irin ta gida) mai kilowat 5, da batirin litiyom na gida mai yunit 10. Motar tana cin yunit 14 zuwa 15 a tafiyar kilomita 100. Ni kuwa da wuya in wuce kilomita 40 a yini, wato yunit 7 ya ishe ni har da abin da ke ɓacewa wajen caji. Gida da firji da fankoki da famfon rijiyar burtsatse suna cin 11 ko 12.

Makon farko ya zo mini da ɓacin rai. Wanda ya fara haɗa mini kayan ya ce in dawo da yamma in jona motar ta kwana tana caji, ba matsala. Na yarda. Wajen ƙarfe biyun dare sai inbata ta fara kuka, fankoki suka tsaya cak, yara suka farka suna gumi. Motar ta zuƙe batirin gida tas, ita kuma ko rabi ba ta yi ba. Lissafin a fili yake, ni ne ban yi shi ba: tulu ba ya cika randa. Batirin gida yunit 10 ne, na mota 30. Ga shi kuma duk wutar da ta shiga batir ta fito sai wani abu ya ragu a hanya, kuma kowane cikawa da juyewa yana rage wa batirin kwana. Daga baya wani yaro da ya koyi aikin da kyau ya zo ya duba, ya tarar wayar da aka ja zuwa garejin siririya ce. Ya ce in taɓa, na taɓa na ji ta da ɗumi kamar an ajiye ta a rana. Ya ce, "Baba, wagga waya in an bar ta haka wata rana gobara za ta yi." Muka canza ta, ya sa wa cajar nata makatsin wuta daban, ya kuma binne sandar tagulla a ƙasa saboda tsawa.

Abin da ya gyara komai shi ne sauya lokacin caji. Yanzu nakan fita da safe in gama abin da zan yi, ƙarfe sha ɗaya motar tana gida a jone, in hau babur ɗin yarona in koma shago. Cajar da ta zo da motar tana jan amfiya 10, kusan kilowat 2 da ɗan ɗori, to daga sha ɗaya zuwa La'asar ta samu abin da ya fi buƙatata, kai tsaye daga rana, batirin gida kuma yana cika a gefe. Wanda aikinsa ba zai bar motarsa ta yini a gida ba, gara ya ɗora farantan a inda take yini, shago ne ko ofis.

Sai batun hadari. A rana mai kyau, irin ta ƙarshen Oktoba da sararin sama yake tas, allon inbata kan nuna mini yunit 25 ko 26 kafin Magariba. A watan Agusta akwai kwanakin da muka wuni ba mu ga ƙwayar rana ba, yayyafi tun Asuba. Irin wannan yinin na samu 7, wata rana 6. Faranti ba ya mutuwa don gajimare ya rufe, hasken da ke ratsowa yana aiki, sai dai yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu ko ƙasa da haka in hadarin ya yi duhu. Amma a nan Kebbi irin wannan duhun ba ya daɗewa. Yawanci ruwa ya sauka da dare ko da yamma, gari ya waye rana ta fito, farantan kuma a wanke, ga sanyi. Wasu ranakun da na fi samun wuta duk shekara a cikin damina suke. Da yake batirin motar na ɗaukar tafiyar kwana huɗu, in na ga gari ya haɗe sai in bar wa gida wutar, motar ta jira gobe. Duk daminar sau uku kacal na jona ta da wutar layi. Jamus ma, da hasken ranar da take samu a shekara bai wuce rabin namu ba, tana cikin ƙasashen da suka fi kowa amfani da sola. Mu da Allah ya hore wa rana, gajimaren kwana biyu ba shi ne damuwarmu ba.

Abin da ya ba ni wuya da gaske hazo ne, kuma babu mai sayar da kayan da ya ambata mini shi. Hadari yakan wuce. Hazon Disamba da Janairu kuwa sai ya zauna mako guda, rana ta zama kamar farin faifai ka kalle ta ido bai yi komai ba. Ya tare haske a sama, sannan ya sauko ya kwanta a kan gilashin. Wani mako na ga wutar tana ta raguwa har ta kai yunit 13, na ɗauka wani abu ne ya lalace. Na sa tsani na hau. Farantan da na sani baƙaƙe masu sheƙi sun koma ruwan ƙasa, na ja yatsa a kai ya bar layi kamar an yi rubutu a allo, ga kashin tattabaru ya bushe a kusurwa biyu. Muka wanke da ruwa zalla da tsumma mai laushi ɗaure a gora. Washegari, da hazon da komai, ta koma 18. Tun daga nan duk kwana huɗu ake wankewa a hunturu, da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi, don ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi na iya tsaga shi. Wanda zai haɗa sola a yankin nan ya tabbata an bar masa hanyar hawa da wurin taka ƙafa. Na ga gidajen da aka jera farantan ƙam, babu ta inda hannu zai kai na tsakiya.

Zafin bazara ma yana cin nasa rabon, abin da mutane da yawa ke mamaki. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a digiri 25. A Afrilu da garin nan ke haura 40, gilashin kansa yakan kai 60 ko fiye, kuma kowane digiri na ƙari yana rage kusan kashi ɗaya cikin 300 na ƙarfinsa. Ga rana kamar ta fasa kai, amma abin da nake samu 21 ne ko 22, a daidai lokacin da fankoki ba sa hutawa. Da an manna farantan a jikin kwano da abin ya fi haka muni. Nawa an ɗaga su kusan taƙi guda iska na bi ta ƙasa, suna kallon kudu da ɗan karkata kaɗan. Karkatar ba ta son yawa a nan, don daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana takan ɗan bi ta arewa da mu. Motar kuma a inuwa nake cajinta, batir ba ya shiri da zafi.

Akwai darbejiyar maƙwabcina da reshenta ke jefa inuwa a kan faranti ɗaya bayan Azahar. Da yake a jere aka haɗa su, wannan ɗayan sai ya ja sauran 'yan layinsa ƙasa. Na je na same shi, mutumin kirki, da kansa ya kira mai sara.

Inda tsarin bai gamsar da ni ba shi ne doguwar tafiya. Argungu nakan je in dawo a caji ɗaya hankali kwance. Sakkwato kuwa ban yarda in kama hanya da ita ba, motar ƙanena nake ara. Kuma kuɗin farko yana da nauyi ƙwarai, farashin kayan yana bin dala, batirin litiyom shi ya fi komai tsada. Duk da haka ban yi nadama ba. Rabona da layin gidan mai ya fi shekara, janaretan gida na can an lulluɓe shi da buhu. Da zan sake daga farko, faranti 12 zan ɗora maimakon 10, in yi lissafi da watan Janairu, don faranti ya fi batir araha nesa ba kusa ba. Na riga na yi magana da yaron nan, ƙarin biyun za su hau kafin hazon bana ya sauka.