Yajin Kwalba da Yajin Turmi: Saƙo Daga Mancesta Zuwa Kano

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya, ke da Alhaji da yara. Ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Na ji daɗin labarin shagonki na Zoo Road, Allah ya sa albarka. Kin ce kaza za ki riƙa sayarwa da soyayyen dankali da shawarma, kuma an ba ki shawara ki jera kwalaben yaji na waje a kan tebura don masu shigowa su ga an waye. Tunda kin tambaye ni abin da ake zubawa a nan Ingila, zan faɗa miki yadda na gani kuma na ɗanɗana. Amma ra'ayina tun yanzu shi ne kada ki yarda ki tura yajin gida bayan kanta.

A nan yaji ruwa ne. In kika shiga shagon kaza a Cheetham Hill ko kan titin Wilmslow, inda 'yan Pakistan da Turkawa da Larabawa suka cika da abincin halal, kafin yaron shago ya rufe miki kwali sai ya tambaye ki wanne za a matsa. Robobi ne masu tsinin baki jere a gabansa. Farar bama ce da tafarnuwa. Ja ɗaya kecof ne, ɗayar kuma yajin. Akwai wani mai yauƙi da ƙyalli, wai shi yaji mai zaƙi, wanda yara ke so. A manyan gidajen abinci kuwa 'yan ƙananan ƙunshi ne a like, kuma wasu wuraren sai kin ƙara kuɗi kafin a ƙara miki na biyu.

Abin da zai fara dukan harshenki tsami ne, sai zaƙi, zafin barkonon yana can a ƙarshe. Da dalili. Abin da za a ɗura a kwalba ya yi watanni a kanti dole a sa masa abin da zai hana shi lalacewa, kuma ruwan khal da gishiri da sukari su ne ke wannan aiki. Tabasco, ƙaramar kwalbar nan da ake yi a jihar Luwiziyana ta Amurka tun 1868, abu uku ne kawai a cikinta: barkono, gishiri da khal. Ana tsuma barkonon a ganga har kusan shekara uku kafin a haɗa. Shi kuwa kecof, ki juya bayan kwalbar ki karanta, fiye da kashi ɗaya cikin biyar sukari ne. Su sun saba, tun suna yara da shi suka tashi. Harshen da ya tashi da garau-garau da ɗan wake da mai da yaji, wannan tsamin ba ya zama masa daidai a kan nama.

Zafin ma sun yi masa ma'auni. Wani masanin harhaɗa magunguna Ba'amurke, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro shi a 1912, kuma har yau da sunansa ake kiransa. Jan Tabasco yana tsakanin 2,500 da 5,000 a wannan ma'auni. Barkonon jalafeno na Meziko, koren nan da suke yankawa a kan fiza, bai cika wuce 8,000 ba. Irin attarugunmu kuwa daga 100,000 yake farawa, yana kaiwa 350,000. To kin ga wanda kullum ake jajjaga masa attarugu a miya, in aka rubuta masa "mai zafi sosai" a allon shago, sau da yawa ba zai ji komai ba. Waɗanda suka san attarugu a nan 'yan Jamaika ne, da shi suke jiƙa kazarsu kafin gashi, sai 'yan Ghana da miyar yajinsu da suke kira shito, sai mu. A babban kanti guda biyu ko uku ake sakawa a 'yar roba a rufe. Duk sanda na ɗauka sai na tuna kwandunan 'Yankaba, inda mai kaya ke ƙara miki gyara da hannu cike.

Akwai gidan kaza da nake so ki san labarinsa, Nando's. A birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu aka buɗe shi a 1987, ya shigo Ingila a 1992, yanzu da wuya ki je babban gari a ƙasar nan ba ki gan shi ba. Duk kasuwarsu a kan wani ɗan mitsitsin barkono take, dangin barkononmu, da mutanen Mozambik da Turawan Fotugal suka saba gasa kaza da shi, ana haɗa shi da lemon tsami da tafarnuwa. Dabararsu da ta burge ni ita ce mataki-mataki da suka yi wa zafin. Akwai mai ɗan yaji kaɗan mai lemo da ganye, akwai matsakaici, akwai mai zafi, akwai wanda ya fi. Mai gida da matarsa da yara da kaka duk su zauna tebur ɗaya, kowa ya zaɓi iya abin da cikinsa zai ɗauka. Sannan sun ɗura miyar a kwalba suna sayarwa a kantuna. Haka Sriracha, wata jar miyar yaji ta kwalba mai hoton zakara da koren murfi: wani ɗan gudun hijira daga Biyetnam, David Tran, ya fara yin ta a Los Angeles a 1980. A 2022 da barkonon da suke saya ya yi ƙaranci, sai da ta yanke a kantuna mutane suka riƙa nemanta da tsada. Barkono ne fa, Yaya, abin da muke shanyawa a tsakar gida.

Yanzu ki dawo kan namu. Ki tuna ranar da Hajiya ke dakan yaji: busasshen barkono a turmi da citta da kanumfari da masoro da kimba, a jefa tafarnuwa, a ƙara gishiri da magi, kowa a gidan yana atishawa, sannan a zuba ƙuli-ƙuli a yi ta kirɓawa har ya haɗe, a tankaɗe, a mayar da tsakin turmi. Wannan abin ba zafi kaɗai ne a cikinsa ba. Gyaɗar tana ba shi maiƙo da nauyi, cittar tana ɗumama maƙogwaro, kimba da kanumfari suna hawa hanci. In aka barbaɗa shi a kan tsire da ya sauko daga wuta, man naman ne ke jiƙa shi ya kama jiki. Miyar ruwa kuwa, da an matsa ta a kan soyayyar kaza, kafin ki kai gida ɓawon ya yi laushi ya saki, dankalin ya jiƙe. Busasshen yaji ba ya yin haka, kaza tana nan da ƙaras-ƙaras ɗinta. Su ma sun fara ganewa, don shaguna da dama yanzu suna barbaɗa jan gishiri mai ɗan yaji a kan dankali, amma babu ƙuli a ciki, babu kayan ƙamshi. Wanda ya ci gurasa bandashe a Jakara ya san bambancin.

Sai dai akwai inda suka sha gabanmu, kuma nan ne nake so ki buɗe kunne sosai. Wata rana a wurin aiki na buɗe 'yar kwalbar yajin da kika aiko na barbaɗa a kan dankali. Abokiyar aikina ta ji ƙamshi ta matso, ta ce tana so ta ɗanɗana, amma kafin ta kai hannu sai ta tambaya ko akwai gyaɗa a ciki. Na ce ai rabinsa gyaɗa ne. Nan take ta ja da baya, ta nuna mini allurar gaggawa da take yawo da ita a jaka. Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko riɗi, in suka ci maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya sarƙe, har a rasa rai. Doka a nan ta lissafa abubuwa 14 irin waɗannan da dole mai sayar da abinci ya bayyana, gyaɗa da riɗi da ƙwai da madara suna ciki. A 2016 wata yarinya 'yar shekara 15 ta rasu bayan ta ci burodi mai riɗi da ba a rubuta a jikinsa ba, kuma sanadinta aka ƙara tsaurara dokar daga watan Oktoban 2021. Masu tsire 'yan Najeriya da ke Peckham a Landan duk wannan doka ta hau kansu. Ban da haka, jami'an duba-gari suna zagayawa shaguna suna ba da makin tsafta daga 0 zuwa 5, kuma shaguna da yawa suna manna koriyar takardar a ƙofa kowa ya gani.

Kuma abin da kika saya yau shi za ki samu bayan wata shida, ɗanɗano ɗaya, an rubuta abin da ke ciki da ranar lalacewa. Mu kuwa yajin mai nama ɗaya ma yau ya yi daɗi, gobe gishiri ya yi yawa. Abin da ya fi damuna shi ne kayan da ake dakawa. Barkonon da aka shanya a bakin kwalta yana shan ƙura da hayaƙin mota, gyaɗar da aka adana da danshi tana yin fumfuna, kuma wannan fumfunar tana fitar da guba mai cutar da hanta, wadda suya ba ta kashe ta. Ga masu zuba jan kala don gari ya yi kyau a ido. Kano da aka santa da dalar gyaɗa bai kamata a ce ba ta iya fitar da tsaftataccen yajin ƙuli da za a jera a kanti ko'ina a duniya ba. Wannan abin yana ci mini rai duk sanda na tsaya gaban kantar kwalaben nan, ga na Tailan, ga na Meziko, ga na Jamaika, namu sai a ɗan shagon 'yan Afirka cikin leda.

Don haka ki tanadi kecof da bama, yara da masu shawarma za su nema. In kina son yajin ruwa, ki yi naki: attarugu da tattasai da albasa da tafarnuwa a soya da mai har ruwan ya tsane, ki riƙa yin na kwana biyu kawai saboda halin wutar lantarki. Amma na turmi shi ne zai sa a dawo shagonki. Ki sayi barkono da gyaɗa da kanki, ki zaɓe, a yi ƙulin a gabanki. Ki auna kowane abu da sikeli ki rubuta a littafi, don ko ba kya nan yaran shago su yi shi yadda yake. Ki raba shi uku, na yara da tsofaffi, matsakaici, da na masu son su yi gumi, kowanne da kalar murfinsa. Wanda zai tafi da abinci gida a ba shi nasa a 'yar roba mai murfi da sunan shago, a rubuta cewa akwai gyaɗa a ciki. In kasuwa ta buɗe har ana neman yajin shi kaɗai, sai ki nemi rajistar NAFDAC.

In an samu mai zuwa, ki aiko mini da yajin farko da kuka daka, a like shi da kyau a rubuta kayan da ke ciki da Turanci. Kada a haɗo da kilishi ko dambun nama, doka ta hana matafiyi shigo da nama daga Najeriya, a filin jirgi za a karɓe. Ki gaida Alhaji da yara, ki ce wa Hajiya zan kira ta ranar Juma'a in Allah ya yarda.