Wayar intanet da muka saka a ofis, da abin da ta ja mana ranar ruwa

Ni ke kula da ofishin wani kamfanin sayar da taki, iri da maganin feshi a nan Kaduna. Babban ofis yana Ahmadu Bello Way, sito yana Kakuri, sai ɗan shago a Kawo. Mun daɗe muna tafiya da abu biyu: tsohon intakom na Panasonic da aka saka tun zamanin NITEL, lokacin da lambar Kaduna ke farawa da 062, da kuma layukan CUG, wato layukan wayar hannu na rukuni ɗaya, da aka raba wa ma'aikata. Intakom ɗin bai taɓa sa mu ciwon kai ba, sai dai iyakarsa bangon ginin, ba ya kai Kakuri. Shi kuwa CUG kowa ya san halinsa. Kira tsakaninmu ba ya cin kati, amma diloli mutum suka sani, ba kamfani ba. Yaro ya bar aiki, rabin cinikin ya bi shi.

Da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, Maigida ya ce a nemo mafita. A haka muka faɗa hannun wani kamfani mai saka wayar intanet, wadda suke kira VoIP. Lamba ɗaya ga kamfani gaba ɗaya, kowane tebur da 'yar lambarsa ta ciki, har da manhaja a wayar hannu ga masu fita.

Gaskiya farkon abin ya burge ni. Kwastoma ya kira ofis yana tambayar ko akwai yuriya, sai in tura shi kai tsaye wurin mai sito, ba sai na ce masa ya rubuta wata lamba ba. Ana naɗar kira, don haka gardamar "buhu ɗari na ce" da "a'a, hamsin ka ce" ta mutu. Wayoyin tebur ɗin Yealink ne, murya tangaran, in dai wani bai zauna yana sauke bidiyo da intanet ɗin ofis ba. Kira ɗaya bai fi kilobit 100 a daƙiƙa yake ci ba, amma ba ya son cunkoso, nan take murya za ta fara tsinkewa. Har yaba su na yi wa maƙwabtanmu.

Sai ga wata Litinin a tsakiyar damina, lokacin da duk mai masara ke neman takin zubi na biyu. Tirela ta sauke mana kaya a ƙarshen mako, mun sanar da diloli. Da hantsi hadari ya taso daga gabas, aka kece da ruwa da iska, aka ɗauke wuta. Inbata ta ɗauka, fitilu suka dawo, wayoyin tebur suna nan a kunne suna nuna lokaci. Ashe intanet ɗin ya yanke. Ofis ya yi tsit. Muka ce ai ruwa ne ya hana mutane, har muka aika aka sayo masara gasasshiya da ya ɗan tsagaita.

Bayan la'asar wayar Maigida ta hannu ta yi ƙara. Wani dattijo ne daga Saminaka, babban dilanmu tun kafin in fara aiki a nan. Daga inda nake zaune ina jin muryarsa: "Alhaji, in kun daina sayar mana ne ku faɗa mana. Tun safe wata yarinya ke ce mini in danna ɗaya, na danna, ta sa mini kiɗa, katina ya ƙare, na sake sawa, kiɗan dai." Maigida sai haƙuri yake bayarwa, "Allah ya huci zuciyarka, Baba, wallahi ba mu ji ba." Dattijon ya riga ya tura motarsa wani wuri. Da muka bincika, ba shi kaɗai ba ne, akwai na Soba, akwai na Giwa.

Abin da ya faru shi ne, kwakwalwar tsarin ba a ofishinmu take ba, tana can a na'urar kamfanin da ya saka mana wayar. Ko intanet ɗinmu ya mutu, ita tana nan da rai, tana ɗaga kira, ta yi gaisuwa, ta ajiye mutum a layi yana jira, kuɗinsa na tafiya. Kamar ka bar yaro a ƙofar shago yana cewa "ku shigo" alhali ka kulle ka tafi. Da a ce layin cewa ya yi ba ya shiga, da sun nemi lambar wani cikinmu tun da safe. Manhajar wayar hannu fa? Na cikin ofis duk a kan intanet ɗin ofis suke, na waje kuma kashe data suke yi don tattali. Wayar girke ta dā daga can ofishin waya ake ba ta wutarta ta cikin igiya. Wannan kuwa sai wuta, sai rauta (na'urar da ke raba intanet a ofis), sai intanet sun haɗu, ɗaya ya faɗi shi ke nan.

Da na zauna rubutun nan, niyyata in ce abin yana da kyau, a dai yi hattara da damina. Amma tuna yadda suka yi da mu daga baya ya sake tayar mini da rai. Na kira su, aka ce an rubuta ƙorafina. Sai da mako ya kusa ƙarewa injiniyansu ya zo, ya buɗe kwamfuta, ya ce, "Ai Oga, akwai saitin da in wayoyin tebur suka faɗi, kira zai juya zuwa wayar hannu." Bai gama shan ruwan da aka kawo masa ba ya gama saitawa. To tun farko me ya hana? Wai ba ya cikin tsarin da muka biya, kuma duk kiran da ya juya akwai kuɗinsa daban a kan kowane minti. A garin da kowa ya san yadda wuta da sabis suke in hadari ya haɗu, wannan ne abin da za a ɓoye a bayan ƙarin kuɗi? Ranar da suke tallar kayansu, da allo da hotuna, ko sau ɗaya ba su ambata ba.

Ga kuma gaisuwar. Da Turanci suka naɗo ta, alhali yawancin masu kiranmu Hausa suke so. Muka ce a yi ta Hausa, nan ma wani kuɗin. Ƙarshe ma'ajiyarmu ce ta naɗa da muryarta a waya, ta ma fi tasu daɗi, muka kuma cire "danna ɗaya, danna biyu" ɗin gaba ɗaya.

Batun rage kashe kuɗi da ya kai mu can, ban ga alamarsa ba. CUG bai tafi ba, don direbobi a hanyar Kachia ko Birnin Gwari ba su da datar da za a dogara da ita. An ƙaro layin intanet na biyu, an ƙaro batir. In wa'adinmu ya cika zan ce a bar ta tsakanin ofis da sito saboda naɗar kira, amma lambar da ke kan allon ƙofa da rasit tuni na sa aka ƙara mata ta wayar hannu a ƙasa.