Allo uku a ofishinmu na Agege: abin da na gani tsakanin Windows, Linux da Mac

Ni ne nake riƙe da lissafin motocin kawuna masu kawo kayan gwari daga Arewa zuwa kasuwar Mile 12. Aikin ba ya yiwuwa da allo ɗaya. Ana duba lissafi a Excel, direbobi na turo hoton rasit ta WhatsApp, ga kyamarorin gareji da dole ido ya kasance a kansu. Shi ya sa na shiga Computer Village a Ikeja na haɗo kwamfutar tebur ta hannu, irin wadda ake ce wa tokumbo, mai Intel i5 ƙarni na takwas, da allo biyu masu inci 24 da wani babba mai inci 27 na 4K, wato mai kaifin hoto sosai. Katin hoton da ke cikin wannan injin yana ɗaukar allo uku ba tare da an ƙara masa komai ba.

Abin da masu yin sharhi daga Turai ba sa kawowa shi ne wuta. A nan Legas, gwajin gaskiya shi ne lokacin da aka ɗauke ta. Ƙaramar na'urar ajiyar wutar da muke da ita kwamfutar da allo ɗaya kawai take iya riƙewa, sauran biyun sai su mutu har yaron gareji ya tada janareta. Allon da aka jona da wayar DisplayPort kuwa, da zarar ya mutu kwamfuta na ɗauka an cire shi ne gaba ɗaya, sai ta kwaso duk tagogin da ke kansa ta jibge su a allon da ya rage. Da Windows 10 aka ba ni injin, kuma haka na sha fama: wuta ta dawo, ni kuma in zauna ina jan taga ɗaya bayan ɗaya da linzami ina mayar da kowace gidanta, sau huɗu ko biyar a yini, wani lokaci direba na kan waya daga Ilorin yana jiran in faɗa masa nawa ya rage na kuɗin mai.

Windows 11 ce ta raba ni da wannan wahala. A cikin saitin nuni akwai wani ɗan akwati da ake dannawa don ta riƙa tuna inda kowace taga take. Ranar farko da na gwada, aka ɗauke wuta wajen la'asar, allo biyu suka yi duhu, tagoginsu suka lafe a ƙasa. Janareta na tashi, Excel ya koma tsakiya, kyamarori suka koma dama, ban taɓa komai ba. Kawu na zaune a kujerar baƙi, ya ce, "Kai, yau ba ka yi tsakin da ka saba ba." Na ce, "Kawu, ai yau ta gyara kanta." Bayan haka, kowane allo yana da nasa girman rubutu: babban na sa shi a kashi 150, ƙananan a 100. In na riƙe maɓallin Windows da Shift na danna kibiya, taga ta tsallaka allo na gaba. Abin lura shi ne Windows 11 tana buƙatar TPM 2.0, wani ɗan ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta, da injin da bai gaza ƙarni na takwas ba a na Intel, kuma an daina ba Windows 10 tallafin yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025. Duk mai zuwa Ikeja sayen tokumbo ya tambayi ƙarnin injin kafin ya tambayi kuɗi.

Linux kuwa wani matashi ɗan Zariya mai gyara a can Computer Village ne ya matsa mini. Ya ce, "Yaya, gwada dai, ko sisi ba za ka biya ba." Ya raba mini faifan ajiyar gida biyu. Na fara da Linux Mint, wadda ke kan tsohon tsarin nuni na X11 da ya samo asali tun 1987. Shi wannan tsarin yana kallon alluna uku tamkar faffaɗan allo ɗaya, don haka in ka haɗa 4K da ƙananan alluna, daidaita girman rubutu sai da dabara. Ko babban ya zama ƙanana-ƙanan kamar rubutun jikin kwalbar magani, ko ƙananan su cika da manyan haruffa. Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux da ke kan sabon tsarin nuni na Wayland, ta fi dacewa da ni, kowane allo da nasa ma'auni, kuma injin ya yi sauƙi ƙwarai, ko ƙarar fanka ba na ji. Bayan ɗauke wuta, wasu tagogin na komawa wurinsu, wasu sai na ja su. Abin da ya hana ni zama a can ba allo ba ne. Babu Excel, LibreOffice da ke madadinsa kuma ya birkita mini wasu jadawalin da na shekara ina ginawa, sannan manhajar kyamarorinmu a Windows kaɗai take aiki. Amma wanda injinsa ya tsufa ya kasa hawa Windows 11, kuma allunansa girmansu ɗaya, ina ba shi shawarar Mint da zuciya ɗaya.

Mac ɗin aro na yi, Mac mini mai M1 na 2020, na mako biyu. A kan babban allon nan rubutu ya yi kyau har ba na son ɗauke ido. A kan ƙananan kuwa ya ɗan yi dishi-dishi, domin tun tsarin Mac na Mojave na 2018 aka cire wata dabarar gyara gefen haruffa da ƙananan alluna ke dogara da ita. Kuma allo biyu ne iyakarsa, Mac mini mai M4 na 2024 kuwa yana ɗaukar uku. Inda ya burge ni shi ne cin wuta: ko ya yi aiki iya ƙarfinsa bai kai wat 40 ba, wanda ga mai inbata da batir a gida wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da aikina haɗa bidiyo ne a kan allo ɗaya mai kyau, da na yi tunani sau biyu kafin in mayar.

Na tsaya a Windows 11. Ubuntu na nan a ɗaya ɓangaren faifan, nakan shiga ranar Lahadi in babu lodi. Abin da na sa a gaba yanzu shi ne in lallaɓa Kawu ya sayo na'urar ajiyar wuta babba wadda za ta riƙe allunan uku duka, saboda allon kyamarori shi ne bai kamata ya mutu ba ko na minti ɗaya, musamman da daddare in motocin albasa sun shigo gareji.