Gargaɗi ga masu tsofaffin motoci a Jos: a yi hattara da tayar "babban harafi"

Ina rubuta wannan ne domin 'yan'uwa masu tsofaffin motocin iyali a Jos da kewaye, musamman waɗanda ke yawan sauka Abuja ta Hawan Kibo, saboda wata yaudara da ta ci mini kuɗi, kuma saura ƙiris ta haɗa da rayukan iyalina. Ba zan ambaci sunan mutumin ko shagonsa ba, domin maganar tana gaban dattawan kasuwarsu, amma zan bayyana salon nasa filla-filla.

Motata Peugeot 406 ce da ta haura shekara 20, kuma tun da na saye ta tayoyin da nake sa mata suna ɗauke da rubutun 195/65R15 91H. Yawancinmu lambobin farko kawai muke haddacewa, wato faɗin taya da girman wili, mu bar na ƙarshen ga mai shago. Alhali 91 ɗin nan tana nufin kowace taya za ta ɗauki nauyin kilo 615, shi kuwa harafin H yana nufin an gwada tayar ta jure gudun kilomita 210 a awa. Harafin Q na 160 ne, S na 180, T na 190, V kuma na 240. Da wannan harafin ne aka kama ni.

Na ga tallar mutumin a WhatsApp, na je shagon, ya fito mini da taya ɗaya baƙa wuluk tana ƙyalli, an naɗe ta da leda, ya ɗora yatsansa a kan harafin V ya ce, "Alhaji, wannan ta 240 ce, ita ake sa wa motocin manya, ka bar H ɗin nan ta talakawa." Ya ƙara kuɗi a kan kowace ɗaya saboda harafin, ni kuma na biya na huɗu ina ganin na yi wa iyali gata. Daga nan ya ajiye mini benci a inuwa, ya sa aka kawo mini ruwa mai sanyi, yaronsa ya ja motar bayan shago ya ɗaura tayoyin. Ban bi su ba, kuma ban nemi rasit ba. Wannan sakacin nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Bayan mako uku muka kama hanyar Abuja, mu shida a mota, but cike da buhun dankalin Turawa da kayan miya na tsaraba. Muna gama gangarowa daga Hawan Kibo sai sitiyari ya fara rawa a hannuna. Na lallaɓa har wurin wani mai faci, dattijo, wanda ya shafa gefen tayar gaba ya nuna mini wani kumburi kamar ƙwan agwagwa. Da ya cire ta ya juyo gefen da aka mayar ciki, sai ga rubutun DOT, wanda lambobinsa huɗu na ƙarshe ke nuna mako da shekarar da aka ƙera taya. An rubuta 3814, ma'ana mako na 38 na shekarar 2014. A ɗaya tayar ta gaba kuma an goge wurin lambobin gaba ɗaya, ya yi sumul kamar an bi shi da sanfefa. Tayoyin baya ma ba V ba ne, Q ne, kuma suna ɗauke da hoton dutse mai ƙololuwa uku da alamar ƙanƙara a cikinsa, wato tayoyin hunturun Turai ne masu taushin roba, waɗanda ba a yi su domin kwaltarmu ba. Dattijon ya kankare ƙyallin da farcensa, sai ga ƙananan tsage-tsage a jikin robar.

Abin da ya kamata a gane shi ne, harafin gudu ba kirari ba ne. Dokar hanya a Najeriya ta tsayar wa ƙananan motoci kilomita 100 a awa a kan tagwayen hanyoyi, 80 a sauran manyan hanyoyi, saboda haka babu magidancin da ke bukatar 240 a tsohuwar mota. Amfanin harafin shi ne yana nuna yadda taya ke jure zafin da take haifarwa tana juyawa, kuma gwajin ana yin sa ne a kan sabuwar taya mai daidaitacciyar iska. Taya mai shekara 10 ko an rubuta mata V, alkawarin ya daɗe da tashi. Mu mutanen Jos sanyin gari yana ruɗinmu, domin tayar da za ta yi wata shida tana zirga-zirga tsakanin Terminus da Bukuru lafiya lau, ita ce za ta tona asirin kanta idan aka sauka Akwanga da Keffi da rana tsaka, mota cike da mutane da kaya.

Ƙa'idar zaɓen ba ta da wuya. A duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ko littafin motar, a sayi harafin da kamfanin ya rubuta, kada a sauka ƙasa da shi, kuma kada a rage lambar nauyi. Hawa sama da shi ba laifi ba ne, sai dai sau da yawa ƙarin kuɗi ne kawai. Idan aka gauraya harufa, ƙarfin motar yana tsayawa ne a kan mafi ƙanƙanta, shi ya sa V biyun da na biya wa kuɗi ba su da wani amfani tare da Q biyu ko da a ce sababbi ne. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ɗaukar taya a matsayin wadda wa'adinta ya ƙare bayan shekara 4 da ƙera ta, kuma tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin kayan da aka haramta shigowa da su ƙasar nan. Duk wanda zai saya, ya sa a jera masa tayoyin a ƙasa ya karanta kowace ɗaya ta gefe biyu, domin cikakkiyar lambar shekara galibi a gefe guda take, sannan ya tsaya a ɗaura su a gabansa, a rubuta masa girma da harafi da shekara a rasit.

Da na koma wurin mutumin, cewa ya yi ai da idona na gani na saya, kuma bai san ko a hanya aka canja mini su ba. Tayoyin huɗu suna nan a gidana na ajiye su shaida, mai facin kuma ya amince zai yi bayani ta waya ranar Asabar idan dattawan suka zauna.