Zoɓo ko littafin rubutu: wanne zai fi tara wa makaranta kuɗi?

Malama, kin ce kwamitinku na iyaye da malamai yana son tara kuɗin bikin yaye ɗalibai da kyaututtukan musabaƙa ba tare da an sake yanka wa iyaye kuɗi ba, amma kan 'yan kwamitin ya rabu biyu. Wasu sun ce a riƙa sayar da zoɓo da kunun aya lokacin tara, wasu kuma sun ce a buga littattafan rubutu masu bajon makaranta a bango. Bari in jera miki su.

A wajen jari, zoɓo ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kwanon zoɓo, sukari, citta, kanumfari, robobi, ƙanƙara, sai kula ko da ta aro ce, shi ke nan an fara, cinikin yau ya sayo kayan gobe. Littafi kuwa sai an zube kuɗi a dunƙule. Kuɗin tsara bango da shirya inji ɗaya ne, ko ɗari za a buga ko dubu biyu, saboda haka idan kuka buga kaɗan, kowane littafi zai tashi da tsadar da ta fi ta shagon unguwa.

Sai dai a nan fifikon zoɓo ya tsaya. Kunun aya da aka tace da asuba, in ba ya cikin ƙanƙara, kafin azahar ya fara tsami, abin da ya yi kwantai kuma sai zubarwa. Zoɓo ya fi shi juriya, amma shi ma firiji yake so, kin kuwa san halin wutarmu. Ga shi kasuwarsa ta lokaci ce: daga Maris zuwa Mayu ana rububinsa, a Disamba da Janairu hunturu ya kore masu saye, azumi kuma ya rufe cinikin rana gaba ɗaya. Littafi ba ruwansa da wannan. A ɗora shi kan katako saboda gara da laima, zai shekara yana jiran mai saye. Abu ɗaya kawai: kada a buga shekara ko zango a bangon. Wannan ne ciwon kalanda, wadda na san wani zai kawo shawararta. Da Fabrairu ta wuce, ko kyauta aka bayar sai an roƙi mutum ya karɓa.

Sannan wa zai yi aikin? A taro kowa cewa yake zai taimaka. Zuwa mako na uku, malama ɗaya ce za ta rage tana tashi da asuba tana tafasa zoɓo, ta zo aji a gajiye. Akwai kuma matan da suka daɗe suna kasa kayansu a bakin ƙofar makaranta, wasunsu da wannan cinikin suke biya wa 'ya'yansu kuɗin littafi a makarantar taku. In kun shiga sana'arsu, kun taɓa tukunyarsu. Ban ma yi maganar ruwa ba: da damina, yaro ɗaya ya koma gida da gudawa, sunan makaranta za a kira, ba na mai ƙanƙara ba.

Inda na fi ba littafi maki shi ne lissafi. Kuɗin zoɓo canji ne, yana zuwa a tsittsinke, ga malamai masu "ba ni biyu, sai an yi albashi". Ba sai an yi sata ba, kuɗin kan zurare da kansa, a ƙarshen zango a fara kallon ma'aji. Littafi kuwa ƙirguwa yake. A ce an buga 1,000, an sayar da 640: dole a tarar da 360 a sito, kuɗin 640 kuma a asusu. Kuma kaya ne da iyaye za su saya ko da ku ko ba ku, ribar da mai shago zai ci ce ta dawo makaranta.

Shi ma yana da tarkonsa. In makarantar gwamnati ce, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne. Ranar da aka ce sai da littafin makaranta za a shiga aji, ya tashi daga ciniki ya koma haraji. A bar shi ganin dama, farashi kada ya wuce na kasuwa, a kuma sanar da kwamitin gudanar da makaranta (SBMC) da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma tun kafin a je maɗaba'a.

Kowanne kuka zaɓa, kada a ɗora wa yara kayan su zaga gari. A Amurka an saba da haka. 'Yan matan ƙungiyar sikawut ta Girl Scouts sun fara sayar da biskit tun 1917 a garin Muskogee na jihar Oklahoma. A wajenmu sunan wannan talla, kuma ita ce muke fama a raba 'yan mata da ita su zauna a aji.

Ni dai littafi zan zaɓa, zoɓo kuma a bar shi sai ranar taro, kamar gasar wasanni ko musabaƙa, inda jama'a ke da yawa, a sayar a tashi a wuni ɗaya. Kuɗin wannan rana, haɗe da na iyayen da suka biya dozin tun kafin bugu, zai iya zama kafin alƙalamin mai maɗaba'a. Ku yi ƙoƙari kayan su iso kafin komawa makaranta a Satumba, domin a makon farko ake sayen littafi. Ranar karɓa kuma a zaro guda biyar daga katan daban-daban a ƙirga fallayen takardun: wanda aka rubuta 60 a bangonsa a tabbatar 60 ɗin ne a ciki, a kuma gwada biro a ga ko tawada na ɓullowa ta baya, kafin a cika kuɗi.