Na gwada hanyar IPv6 ta Hurricane Electric da jarrabawarsu

Duk mai rubuta manhaja da yake son ya san IPv6 (sabon tsarin adireshin intanet mai maye gurbin IPv4) a aikace, ba a takarda kawai ba, shawarata ya buɗe asusu a tunnelbroker.net na kamfanin Hurricane Electric. Kyauta ne. Suna shimfiɗa maka hanyar IPv6 ta cikin IPv4 ɗin da kake da shi, su ba ka rukunin adireshi da ake kira /64 naka na kanka, in ka nema su ƙara maka /48, wanda ya fi shi girma. A nan girman abin ya shiga kaina sosai. Adireshin IPv4 gaba ɗaya bai wuce kusan biliyan 4.3 ba, kuma tun Fabrairun 2011 IANA, hukumar da ke raba adireshin intanet a duniya, ta raba na ƙarshe a rumbunta. Shi kuwa /64 ɗin nan guda ɗaya ya ninka dukan IPv4 sama da sau biliyan huɗu.

Abin da ya fi burge ni jarrabawarsu ce. Ba haddar amsa ake yi ba, sai ka gina abin su gwada da kansu. Za ka sa bayanin AAAA (mai haɗa suna da adireshin IPv6) a DNS, kundin sunayen intanet, su ɗauko fayil daga sabarka, su aiko maka imel ta IPv6, sannan su duba ko adireshin yana komawa ga sunansa. Matakin ƙarshe sunansa Sage.

Ina cikin haka na gwada wata tsohuwar manhaja da aka ba ni gyara, sai ɓoyayyun matsaloli suka fito fili. Gurbin adana adireshi haruffa 15 aka ware masa, alhali na IPv6 kan kai 45. Sashen manhajar da ke raba adireshi da port (lambar ƙofar da ake sawa bayan ":") ya ruɗe, domin IPv6 cike yake da alamar ":", shi ya sa a URL ake sa adireshin cikin baka, kamar http://[2001:db8::1]:8080. Toshe mai kutse da adireshi ɗaya ma aikin banza ne, tunda yana da /64 gaba ɗaya a hannunsa. Sai dai a toshe rukunin duka.

Sharaɗi ɗaya: hanyar tana buƙatar adireshin IPv4 na fili mai amsa ping (saƙon gwajin ko na'ura tana kan layi). Wanda kamfanin intanet ɗinsa ya ajiye shi bayan CGNAT (inda mutane da yawa ke amfani da adireshin IPv4 ɗaya), gara ya yi hayar ƙaramar saba mai IPv6, ya yi jarrabawar daga can.