Mamogiram da sikanin: me kowanne yake nuna wa likita?

Hajiya, kin ce an yi wa goggonki mai shekara 47 hoton nono na mamogiram a nan Katsina, takarda ta fito da BI-RADS 0, wato lambar da likita ke bai wa sakamakon hoton, aka ce ta dawo sikanin. Kina tambaya ko hoton farko ne bai yi ba, ko an ga cutar kansa ana ɓoye muku. Ki kwantar da hankalinki. Sifili na nufin likitan hoto bai yanke hukunci ba, yana son ƙarin gani.

Mamogiram hoton eksire ne. Ana matse nonon tsakanin faifai biyu, a ɗauka ta sama da ta gefe, kowane ɓangare hoto biyu. Likita ya jera na dama da na hagu yana neman inda suka saɓa. Kitse yana fitowa duhu-duhu, ƙari kuma fari. Gwanintar mamogiram ita ce kama wasu ɗige-ɗige farare kamar an barbaɗa gishiri, waɗanda hannu ba ya ji. Yawancinsu ba komai ba ne, amma in suka dunƙule wuri guda ko suka jeru a layi, sai a bi su. Inda yake gazawa, naman da ke yin ruwan nono shi ma fari yake fitowa. Macen da namanta ya cika, neman ƙari a hotonta kamar neman farin zare ne cikin auduga.

Nan sikanin yake shigowa, irin dai na awon ciki, da sauti yake aiki. Shi ke bambance ruwa da tsoka. Ƙullin ruwa baƙi ƙirin yake fitowa, gefensa sumul kamar ƙwai. Wanda ke tayar da hankali gefensa ba daidai ba, tsayinsa ya fi faɗinsa, ga inuwa a bayansa. Sai dai ɗige-ɗigen nan sukan kuɓuce masa, kuma ingancinsa yana hannun mai riƙe da na'urar. Da shi ake fara duba 'yan mata da masu shayarwa.

Bayan sikanin lambar za ta canja. 1 da 2 lafiya lau. 3 a dawo bayan wata 6, hatsarin cutar kansa bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. 4 da 5 sai an ɗebi ɗan nama da allura an gwada, domin hoto kaɗai ba ya tabbatar da cutar kansa.

In ta taɓa yin hoto a baya, ta tafi da shi a kwatanta. Don Allah ki raka ta cikin makon nan, Allah Ya ba ta lafiya.